Tsohuwar mota da sabuwa: wanda ya tuƙa duka biyun ya faɗa mana wadda ta fi gudu

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta haɗa ni da kawuna, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shi ya dage motocin da sun fi na yanzu gudu, wai na yanzu roba ce da gwangwani, ba ƙarfe a jikinsu. Ni kuwa ban taɓa riƙe sitiyarin motar da ta girme ni ba, don haka ba ni da bakin magana. Ina roƙon waɗanda suka tuƙa tsohuwa kuma suka tuƙa sabuwa su faɗi abin da suka gani da idonsu, ban da ji-ta-ji-ta.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na san inda kawunka ya dosa, don ni ma da Peugeot 504 na yi ƙuruciyata. Injinta lita biyu, giya huɗu, ƙarfinta bai cika doki ɗari ba (da doki ake auna ƙarfin inji). In ka same ta da lafiya, hanya ta miƙe, za ta kai ka wajen kilomita 160 a awa, daga nan ta ce a kai kasuwa. Amma fa tun daga 130 ka san gudu kake yi. Iska na kuka ta gefen gilashi, sitiyari na rawa a hannunka, inji na ihu saboda babu giya ta biyar da za ta sauke shi, fasinjan baya ya fara salati. In ka sauka gwiwarka na karkarwa, sai ka rantse ba motar da za ta kamo ka.

Kwanaki ɗana ya ba ni Corolla ɗinsa. Muna tafe muna hira, na sauke ido kan maleji sai ga 140. Wallahi na zaci ina kan ɗari. Ba ƙara, ba girgiza, ƙafata ma ba ta kai rabin totur ba. To ka ga, da mu ne muke jin gudun a jikinmu, yanzu motar ce take shanye shi.

Wuri ɗaya zan tsaya wa kawunka: hanya marar kyau. 504 doguwar ƙafa gare ta, tana haɗiye rami da gargada ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Ba banza ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 ba. Sabuwar mota mai gajeriyar ƙafa da siririyar taya dole ta rage gudu a wurin da tsohuwar za ta wuce abinta. A irin wannan hanya tsohuwa na iya riga sabuwa isa, ko da a kan kwalta mai santsi ba za ta ga ƙurarta ba.

Mai Dizal:
Baba, ku kuna da sa'a, kun tuƙa mai fetur. Ni Marsandi 200D na gada, irin ta ƙarshen shekarun 1970, doki 55 kacal a mota mai wannan nauyi. Daga tsaye zuwa kilomita ɗari sai ta ci kusan rabin minti, iyakarta kuma wajen 130. In zan wuce tirela sai na yi shiri tun daga nesa: in ja baya, in tara gudu, in leƙa, in yi addu'a. Ina son motar nan har gobe, ba ta taɓa barina a hanya ba, amma wanda ya ce tana gudu bai taɓa hawa tudu da ita da mutum biyar a ciki ba.

Bakanike:
Ranku ya daɗe, bari in shigo da abin da hannuna ke taɓawa kullum. Bambancin yana cikin yadda inji ke shan mai da iska. Tsohuwar mota kafireta gare ta, mai yana shiga ne da ƙiyasi, in sanyi ya yi ko an hau tudu sai awon ya ɓaci. Ta yanzu injekta ce, ƙwaƙwalwar mota na auna iskar da ta shigo, ta fesa mai daidai da ita, ta daidaita lokacin tashin fulogi, duk cikin ƙiftawar ido. Da bawul biyu ne a kan kowace silinda, yanzu yawanci huɗu ne, inji ya fi samun numfashi. Ga turbo da ke dura masa iska. Shi ya sa za ka ga injin Ford mai lita ɗaya da silinda uku yana ba da doki 125, ya fi injin 504 da ya ninka shi girma. Ga kuma giya: da huɗu ce, otomatik ma uku, yanzu akwai mai takwas har mai goma, inji kullum yana inda ya fi ƙarfi.

Sai dai a yi wa tsofaffin adalci. Wadda kuke gani a hanya yau ba ita ce wadda ta fito daga kamfani ba. An kawo min wata da mai ita ke kukan ta mutu a tudu, na auna matsin silinda na tarar ringi ya cinye, bawul ba ya rufewa, kafireta ta toshe. Bayan na gyara sai ya ce kamar an canza masa mota. In za a gwada, a gwada tsohuwa ranar da take sabuwa, kada a haɗa ta da yarinya alhali ta sha shekara arba'in tana aiki. Ko an yi hakan dai, ta yanzu ce a gaba.

Mai Golf:
Maganar nauyi ce nake so in gyara, don a nan mutane ke yawan kuskurewa. Ana ganin tsohuwar mota ta fi nauyi saboda bodinta na da kauri in ka ƙwanƙwasa. A sikeli akasin haka ne. Golf GTI ta farko, ta 1976, kilo 810 ce, doki 110, tana kai ɗari cikin daƙiƙa tara, iyakarta 182. Wadda ta fito a 2020 ta haura kilo 1,400, doki 245, tana kai ɗari cikin daƙiƙa shida da ɗoriya, an ɗaure ta a 250. Jakar iska, ƙarafan kariya a ƙofa, na'urar sanyaya ɗaki, abin toshe ƙara, duk nauyi ne.

Na sami damar tuƙa duka biyun a wajen wani aboki mai tara tsofaffin motoci. Sabuwar ta fi gudu, ba musu. Amma tsohuwar ce ta sa ni dariya ni kaɗai a kwana, saboda ba nauyi, kana juya sitiyari ta juya, kana jin duk abin da taya ke takawa. Sabuwar sai ka kai gudun da zai jawo maka fitina da hukuma kafin ka fara jin wani abu.

Malamin Kimiyya:
Ina ganin tambaya biyu ce aka cure wuri ɗaya: saurin tashi daban, iyakar gudu daban. A saurin tashi an yi nisa ƙwarai. Camry mai silinda shida ta 2018 doki 301 gare ta, ta fi Ferrari 308 ta shekarun 1970 da ba ta wuce doki 255 ba. Motar kai yara makaranta ke nan ta fi motar ƙawa ta wancan zamani ƙarfi.

Iyakar gudu kuwa tafiyarta a hankali take, kuma iska ce sanadi. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ta ninka sau huɗu, ƙarfin injin da kake buƙata ya ninka kusan sau takwas. Ku duba manyan: McLaren F1 ta yi 386 a 1998 da doki 627. Bugatti Veyron ta zo a 2005 da doki 1,001, ta yi 407. An ƙara doki kusan ɗari huɗu, abin da aka samu bai wuce kilomita ashirin da ɗaya ba. Shi ya sa motar talaka da ta ninka tsohuwarta ƙarfi ba ta ninka ta gudu ba, daga 160 ta koma wajen 190 ko 200 ne kawai.

Baba Direba, game da maleji kuma, na taɓa ajiye waya mai auna gudu ta tauraron ɗan'adam a gefen sitiyari. Maleji na nuna 120, wayar na nuna ƙasa da haka da ɗan kaɗan. Ba lalacewa ba ce, ƙa'idar da Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya ɗara shi da kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita huɗu. Tsofaffin masu juyawa da kebul kuwa allurarsu har rawa take yi. Labaran "na ƙure maleji" da yawa daga nan suka samo asali.

Ɗan Gardama:
Malam, na yarda da lissafinka, amma kada a ɗauka kullum gaba ake yi. Akwai lokacin da sababbin motoci suka fi tsofaffi rauni. A Amurka bayan rikicin man fetur na 1973 da dokokin rage hayaƙi, ƙarfin injuna ya faɗi warwas. Corvette ta 1975, da injinta mai silinda takwas, lita 5.7, doki 165 take bayarwa. Gaskiya ne a 1972 sun sauya yadda suke auna ƙarfin inji, wanda ya sa lambobin suka ragu a takarda, amma faɗuwar ta gaske ce. Na taɓa tuƙa wata ƙatuwar motar Amurka ta ƙarshen shekarun nan, in ka taka sai ruri kamar za ta tsaga ƙasa, ka duba maleji ka ga ba inda ta je. Mutumin da ya yi zamani a lokacin ya ce motocin da sun fi, gaskiyarsa ce.

Kuma in ana maganar gudu tsagwaronsa, har yau ba a karya tarihin motar ThrustSSC ba, wadda direba Andy Green ya kai ta kilomita 1,228 a awa a hamadar Black Rock ta Amurka a 1997. Na san injin jirgin sama ne a jikinta, amma dai taya huɗu gare ta.

Hajiya Mai Tuƙi:
Ku maza kun tsaya kan doki nawa, ni abin da na lura da shi daban ne. Tafiyar da mahaifina yake kai mu muna yara, ita nake yi yanzu da motar da ta ninka tasa ƙarfi, kuma lokacin da muke ɗauka kusan ɗaya ne. Cunkoso, dokar hanya, tsayawa shan mai, yara su ce a tsaya. Inda ƙarfin ke min amfani shi ne wajen wuce babbar mota da shiga babban titi, nan da nan na fita daga hatsari.

Kuma kamfanonin da kansu sun fara ja wa motocin linzami. Volvo ta ɗaure duk motocinta a 180 tun 2020. Manyan kamfanonin Jamus sun daɗe da yarjejeniyar tsayawa a 250, motocin da ake sayarwa cikin Japan kuma a 180 ake ɗaure su. Tawa in na wuce gudun da allon hanya ya nuna sai ta fara ƙara tana min gargaɗi, kuma na bar abin a kunne, don kamar yadda Baba ya ce, ba ka sanin ka yi nisa sai ka duba.

Mai Lantarki:
Hajiya, irin tawa mai aiki da lantarki ce ma ta fi yaudara. Ba giya, ba jiran inji ya ɗau zafi, kana taka totur ƙarfin ya zo gaba ɗaya. A danja ba motar fetur ta gida da ke riga ni tashi, har wanda na ɗauka ya ce kansa ya bugi kujera. Amma a doguwar hanya labarin ya canza. An ɗaure ta a ƙasa da 170, kuma in na riƙe 130 sai in ga batir na zuba a gaban idona, saboda iskar nan da Malam ya yi bayani. Yanzu da kaina nake tsayawa a 110 don in isa ba tare da na tsaya caji ba.

Sabon Shiga:
To ni jama'a ku taimaka min, don tawa sabuwa ce fil amma duk wannan bayanin bai shafe ta ba. Ƙaramar mota ce otomatik, in na taka sosai sai inji ya hau ihu, gudun kuma ya zo a hankali. In na kunna sanyi da mutum huɗu a ciki, tudu ya zama aiki. Ko wani abu ne ya lalace?

Bakanike:
Ƙanena, da wuya in lalacewa ce. Daga bayaninka giyarka irin mai bel ce wadda ba ta da matakai, ana ce mata CVT. In ka taka, tana ɗaga inji zuwa inda ya fi ƙarfi ta riƙe shi a can, gudun ya biyo baya, shi ya sa kunnenka ke gaya maka motar na wahala. Irin waɗannan ƙananan motoci an ƙera su ne don tsimin mai, doki saba'in zuwa tamanin ne a jikinsu, kwamfiresar sanyi kuma tana cin nata kason. Duk da haka ka auna da agogo daga tsaye zuwa ɗari a wuri marar hatsari, kai kaɗai a ciki. In ka samu daƙiƙa sha uku zuwa sha biyar, lafiyarta ƙalau, kuma ka riga ka ninka Marsandin Mai Dizal sauri. In ta haura ashirin, a duba matatar iska da fulogi da man giya kafin a taɓa wani abu babba.