Fil ɗina sun ɓace a cikin firizim

Ɗalibar SS3: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a taimaka min, WAEC ta ƙarato. Jiya a ɗakin gwaji aka ba mu firizim, wato gilashi mai siffar alwatika, mai kusurwa 60°, da allo, da farar takarda, da fil huɗu. Na kafa fil biyu a kan layin da ya shiga da 40°, na leƙa ta ɗaya fuskar, na gan su sarai. Da na koma 25° kuwa, babu irin leƙen da ban yi ba, ko alamarsu. Har goge gilashin na yi da bakin hijabi, wai ko datti ne. Ina na kuskure? Sannan r1 + r2 = 60° ɗin nan, na kusurwoyin da haske ke yi a cikin gilashin a fuska ta farko (r1) da ta biyu (r2), hadda kawai na yi, ban san daga ina ya fito ba.

Wata 'yar aji shida: Ƙawata, duba ko daga fuskar gilashin kika auna kusurwar. Daga nomal ake aunawa, layin nan da ke tsaye cak a kan fuskar. Ni abin da ya kayar da ni ke nan a gwajin makaranta.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba laifinki ba ne, hasken ne bai fita ba. Ɗauko fensir. Akwai alwatika ƙarama tsakanin tsinin firizim, da inda haske ya shiga, da inda ya doki fuska ta biyu. Kusurwoyinta su ne 60°, da 90° − r1, da 90° − r2, tunda nomal 90° yake yi da fuska. Jimillarsu 180° ce. Ki kwashe 180° daga kowane ɓangare, sai r1 + r2 = 60° ya faɗo da kansa.

Yanzu a ce n na gilashin, wato ma'aunin yadda yake lanƙwasa haske, 1.5 ne. A 40°, sin r1 = sin 40° ÷ 1.5, r1 ya zama 25.4°, r2 kuma 34.6°. Hasken zai fita da 58.4°, karkatarsa gaba ɗaya 40 + 58.4 − 60, wato 38.4°. A 25° fa? r1 ya sauko 16.4°, r2 ya haura 43.6°. To gilashin nan, da zarar r2 ya wuce 41.8°, fuska ta biyu madubi take komawa, ta mayar da hasken ciki. Duk abin da ya gaza kusan 28° a shiga, ba za ki gan shi ta can ba.

Ɗalibin jami'a: Malam ya gama magana. Ƙanwata, in kin zana jadawalin karkata a kan kusurwar shiga, zai sauko ya sake hawa kamar ƙwarya. Gindin ƙwaryar yana wajen 48.6°, karkata 37.2°, a nan r1 da r2 kowanne 30° ne. Af, dokar Snell ta 1621 da Malam ya lissafa r1 da ita, masanin lissafi Ibn Sahl ya riga ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984.

Malamin Fiziks: Kuma ki ba da tazarar aƙalla santimita 5 tsakanin fil da fil, ki rufe ido ɗaya, gindinsu za ki daidaita, ba kawunansu ba.

Ɗalibar SS3: Allah ya saka da alheri, Malam. Na zana alwatikar, ta fito. Gobe daga 30° zan fara.