Me ya sa ƙwayayen LED ke ƙonewa idan an jona su da batirin babur?

Sabon Ɗalibi, daga Zariya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina son haɗa fitilar shago da ƙananan ƙwayayen LED farare waɗanda na ciro daga matattun tocila, in ba su wuta da batirin babur mai bolt 12. Matsalar ita ce duk ƙwan da na jona kai tsaye da batirin sai ya yi wani haske mai ƙarfi na ƙiftawar ido sannan ya mutu, wani ma cikinsa ya yi baƙi, alhali ƙwan sigina na babur yana ci da wannan batirin lafiya ƙalau. Da na nemi shawara a layinmu, wani ya ce resista zan saka, wani ya ce kafasita ce maganin, wani kuma ya dage cewa dayod ake sawa. Ina roƙon a bayyana mini aikin kowanne daga cikinsu, da wanda ya dace da wannan haɗin, da kuma yadda ake sanin girman da za a saya. Allah ya saka da alheri.

Malam Habu Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya ce maka resista shi ne ya faɗi daidai. Ƙwan sigina yana da siririyar waya a ciki wadda ke yin zafi har ta yi haske, kuma gwargwadon zafinta gwargwadon yadda take tare wuta, saboda haka da kanta take iyakance abin da zai bi ta cikinta. Shi kuwa LED ba shi da wannan hali. Farin LED irin na tocila yana fara ci a wajen bolt 3, kuma da zarar an haura wannan kaɗan, wutar da ke bi ta cikinsa sai ta ninka ta sake ninkawa, har ɗan ƙanƙanin abin da ke ba da hasken ya ƙone. Abin da yake iya ɗauka cikin kwanciyar hankali bai wuce miliamfiya 20 ba (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), batirin babur kuwa yana iya ba da amfiya da yawa ga duk abin da ya buɗe masa hanya.

Aikin resista shi ne ya tare wutar, ya cinye rarar bolt ɗin ya mayar da ita zafi. Ana lissafin girmansa da ƙa'idar da wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827, wadda ta ce idan ka raba bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne yawan om, wato ma'aunin girman resista. Batirin da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 a mita. Ka cire 3.2 na ƙwan, saura 9.4, ka raba da amfiya 0.02, wato miliamfiya 20, sai ka sami om 470. An yi sa'a akwai wannan girman a kasuwa, kuma za ka gane shi da zoben launin da ke jikinsa: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa, sannan ruwan zinare a ƙarshe. Zobe biyu na farko lambobi ne, 4 da 7, na uku yana nuna yawan sifilin da za a ƙara, na zinaren kuma yana nufin ƙimar na iya sauka ko hawa da kashi 5 cikin ɗari. Ko da ka iya karanta launi, ka riƙa aunawa da mita kafin ka liƙa da dalma, domin a tsohon resista da ya sha zafi ja da ruwan ƙasa kan yi kama da juna.

Sai dai ba na son wannan haɗin na ƙwai ɗaya da resista ɗaya, domin kashi uku cikin huɗu na ƙarfin batirinka zai tafi a zafin resista, ba a haske ba. Ka jera ƙwai uku a layi, gajeriyar ƙafar na farko ta riƙe doguwar ƙafar na biyu, haka har na uku, sai su ci bolt 9.6 tare, saura 3 kawai ga resista, wato om 150. Doguwar ƙafa ita ce fozitib. Idan an riga an yanke ƙafafun, ka duba gindin ƙwan, gefen da aka shafe shi ne negetib.

Injiniya Hadiza:

Malam Habu ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa zan yi gyara a kan om 150. Wannan lissafin ya tsaya ne a kan bolt 12.6, alhali batirin da ke kan caji, ko a jikin babur ko a kan sola, yana iya kaiwa 14.4. A lokacin rarar za ta zama 4.8, kuma idan aka raba da 150 za a sami miliamfiya 32, wanda ba zai kashe ƙwan nan take ba, amma zai sa haskensa ya dushe tun kafin lokacinsa. Ni om 220 zan saka, mai zoben ja, ja, ruwan ƙasa, domin da shi wutar ba za ta wuce kusan miliamfiya 22 ba ko ana caji, kuma bambancin hasken da wuya ido ya lura da shi. Haka kuma kowane jeri na ƙwai uku ya sami nasa resistan, kada a tara jeri da yawa a bayan guda ɗaya, saboda ƙwayayen da aka ciro daga tocila daban-daban ba su cin bolt iri ɗaya, wanda ya fi saurin kamawa zai ja wutar sauran ya mutu, sannan nauyin ya koma kan na gaba.

Game da kafasita, ina jin wanda ya ba ka shawarar ya taɓa buɗe tocilar nan mai araha da ake cusawa kai tsaye a soket, ya ga kafasita ce ke rage wutar. Wannan yana yiwuwa ne kawai da wutar gida, wadda ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Kafasita faranti biyu ne da abin da ba ya wuce wuta a tsakaninsu, tana cika ta tsaya kamar randa, don haka idan ka jera ta da LED a kan batir, ƙwan zai ƙifta sau ɗaya ya yi shiru. Amfaninta a caja da adafta shi ne ta adana wuta ta cike gurbin da ke tsakanin hawa da saukar wutar gida, abin da batir ba ya buƙata. Tunda kana ciro kaya daga matattun na'urori, ka sani cewa babbar kafasitar da ke cikin caja tana cika har kusan bolt 325 daga wutar gida ta 230, kuma tana iya riƙe wutar bayan an zare cajar, saboda haka a auna ta kafin a kai hannu.

Dayod kuma hanya ɗaya yake barin wuta ta bi, kuma shi kansa LED dayod ne. Ba zai hana ƙonewar da kake gani ba, domin bolt 0.7 kawai yake ci. Amfaninsa a nan shi ne kariya ranar da wani ya juya wayoyin batir bisa kuskure. Ka sa dayod mai lamba 1N4007 guda ɗaya a kan jar waya, gefen da ke da zoben azurfa yana fuskantar fitilun.

Usman Sola, daga Maraɗi:

Ƙarin da zan yi shi ne fiyus. Batirin babur ƙarami ne a ido, amma idan wayoyinsa biyu suka haɗu zai narkar da robar jikinsu, kuma shago wuri ne da ke da kwali da leda. Fiyus na amfiya 1 kusa da kan batirin ya isa, tunda jeri goma ma ba za su ja fiye da kusan miliamfiya 220 ba. Idan daga baya kana son fitilar ta kunna kanta da magariba, a nan ne taransista ke shigowa, domin 'yar wuta kaɗan a ɗaya daga ƙafafunta uku tana buɗe hanya ga wuta mai yawa tsakanin sauran ƙafafun biyu. Ana haɗa ta da resistan nan mai jin haske da ake kira LDR. Taransistar BC547 da ta cika kasuwa iyakarta miliamfiya 100, wato jeri huɗu ke nan, fiye da haka sai ka nemi BD139.

Malam Habu Mai Rediyo:

Gyaran Injiniya ya karɓu, a sa 220 ɗin. Ɗana, idan ka gama jeri na farko kada ka ci gaba sai ka auna. Ka juya mita zuwa miliamfiya 200, ka cire jar waya daga batir, ka sa mitar a tsakaninsu domin wutar ta bi ta cikinta. Kada ka ɗora bakunan mitar a kan kawunan batirin biyu tana wannan matsayi, fiyus ɗinta zai tsinke. Idan ba a caji, ya kamata ka ga wajen miliamfiya 10 zuwa 15 bayan ka saka dayod ɗin. Ka rubuto mana abin da mitar ta nuna.