Taƙaitawa: Yoyon Man Giya a Aksil ɗin Bayan Babbar Mota

Ga abin da na tsamo daga maganganun jama'a kan yadda ake gano wannan yoyo da yadda ake gyara shi:

1. Kowa ya yarda a fara wanke wurin tas, a ɗan yi tafiya, sannan a duba ta inda man ke fitowa: murfin aksil, sil (robar da ke hana mai fita) ɗin inda farfela ke shiga, ko sil na ƙafafu.

2. A duba hancin iskar da ke saman aksil. In ya toshe, zafi kan tura mai waje ko da an sa sabon sil. Da yawa sun ce nan ake mantawa.

3. Sil ɗin farfela shi ne mai wuya. A yi wa notin da ke wurin shigar farfela alama kafin a kwance, a mayar da shi daidai inda yake. In ya wuce ko bai kai ba, boris (ƙwallayen ƙarfen da sandar ke juyawa a kansu) zai ci.

4. In mai ya jiƙa takalman birki, canja su kawai za a yi.

Inda aka rabu: wasu gaskit suke so a murfi, wasu gam. Kan maganin tsayar da yoyo kuwa, masu cewa ɓata kuɗi ne sun fi yawa, ni ma ina tare da su.

In za a canja man aksil, a kwance notin zuba mai kafin a tsiyaye tsohon. A cika har bakin ramin zuba man, da irin man da littafin motar ya ce.