Tsuntsaye masu hijira, masu ƙaura, ko 'yan cirani?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu Hausa a taimaka. Muna haɗa ɗan bayani ne saboda yaran makaranta a nan Gombe kan tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai wajen Oktoba su koma a bazara, Maris zuwa Afrilu, abin da bature ke ce wa migration. A Amurka har dutse gare su a jihar Fensilbaniya, Hawk Mountain, tun 1934 ake hawa ana ƙirga shaho da gaggafa in suna wucewa. To wannan tafiyar tasu me za mu kira ta? Ni dai hijira na rubuta amma raina bai kwanta ba.

— Malam hijira ta yi nauyi gaskiya, da ka faɗa hankali zai tafi kan addini ko 'yan gudun hijira. Sa ƙaura kawai.

— A'a yaya, wanda ya yi ƙaura ai ya kwashe kayansa ya tafi ke nan, su kuwa waɗannan duk shekara sai sun dawo, wasu ma wurin da suka sauka bara nan za su sauka. Cirani ne wannan wallahi, kuma duba lokacin ma, ranin namu cif suke ci a Dadin Kowa da fadamun Haɗeja da Nguru, zafi na tsananta sai su kama hanyar gida su yi sheƙa su yi ƙwai.

— Na goyi bayan cirani. Kuma Malam ka gaya wa yaran dalilin hawa dutsen, shaho ba ya son yawan kaɗa fiffike, jira yake rana ta gasa duwatsu iska mai zafi ta taso sai ya baza fukafukai yana kewayawa yana yin sama, in ya kai ƙololuwa ya sulale gaba ya nemi wata. Kan teku babu irin wannan iskar sosai shi ya sa suke cunkushewa a mashigar Jibralta, tsakanin Turai da Afirka, inda ruwan ya tsuke.

— To shamuwa fa Hajiya? Ita da damina take zuwa ta yi sheƙa a bishiyar cikin gari.

— Ai nan ne gidanta ƙanina, kudancin Afirka take zuwa cirani.

Madalla, na gode ƙwarai. Na goge hijira, na sa ciranin tsuntsaye, su kuma tsuntsaye 'yan cirani. Saura sunan masu hawa dutse da madubin hangen nesa suna ƙirgar, wa ke da shawara?