Mu kafa tamu ƙungiyar ko mu tsaya a ta kasuwa?

Mai Tattasai:
Assalamu alaikum. Mu kusan 40 ne 'yan gari ɗaya, muna sana'ar kayan gwari a Legas, tsakanin Mile 12 da Ketu, wasunmu kuma suna Agege. Ana ta maganar mu kafa ƙungiyar taimakon juna, domin duk sanda wani ya kwanta asibiti ko aka kwashe masa kaya, sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana roƙo. Wasu sun ce babbar ƙungiyar kasuwa ta ishe mu. Masana, mu fara ko mu haƙura? Kuma dole sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar suna da hatimi, ku zauna ku rubuta abu ɗaya ko biyu da ƙungiyar kasuwa ba ta yi muku. Ita aikinta rumfa, haraji, sauke kaya da sasanta rikicin ciniki. In kukanku na waɗannan ne, sabuwar ƙungiya ba za ta tsinana komai ba, gara ku tura mutum biyu cikin shugabancin waccan. In kuwa kuɗin asibiti ne, da beli, da kuɗin motar wanda jarinsa ya karye zai koma gida, to wannan naku ne, ba mai yi muku.

Sai ku gwada wata shida ba tare da rajista ba. Ku yanka kuɗin wata, a ce ₦2,000. Mutum 40 ya kamata su tara ₦80,000, amma kada ku yi lissafi da 40, ku yi da waɗanda suka biya wata uku a jere ba a bi su ba. Su ne ƙungiyar, sauran 'yan rakiya ne. In ba su kai rabi ba, ku dakata.

Abin da ke kashe irin wannan tafiya a Legas nisa ne. Mutumin Agege ba zai riƙa shan cunkoso zuwa Ketu kowane mako don taron awa ɗaya ba, mai sauke tumatir da asuba kuwa barci yake da hantsi. Taro sau ɗaya a wata ya isa, bayan La'asar, a wuri ɗaya da ba ya canzawa, sannan kowace unguwa ta sami mai karɓa ɗaya da littafin rasit mai kwafi. Ku kuma tuna mutanenku na tafiya gida da damina da lokacin salla. Tun yanzu ku rubuta ko wanda ya tafi wata uku zai biya bashin watannin kafin ya ci moriya, in ba haka ba nan rigimar farko za ta ɓullo.

Lauyan Obalende:
A kan rajista: ba dole ba ce. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ku damar haɗuwa ku yi ƙungiya. Rajista tana zama tilas ne ranar da kuke son asusun banki da sunan ƙungiya, ko mallakar fili, ko shigar da ƙara da sunanta.

A CAC, irin taku tana shiga sashen amintattu, wato mutanen da ake yi wa ƙungiya rajista da sunansu su riƙe mata amana, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Za ku zaɓi amintattu aƙalla biyu a taro, a rubuta bayanin taron, shugaba da magatakarda su sa hannu. A nemi amincewar hukumar da sunan da kuka zaɓa, a haɗa kundin tsarin ƙungiya, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya tsiyace, da wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, duk ba sa zama amintattu. Yawancin jinkiri daga suna yake zuwa: a katin NIN an rubuta Muhammad, a takardar taro Mamman, sai a dawo muku da ita.

Bayan satifiket ma da sauran aiki. Banki zai nemi lambar haraji, da BVN na masu sa hannu, galibi har da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Kowace shekara kuma akwai rahoton da ake kai wa CAC, in an bari tara ce ke taruwa. Kada ku ɗora mutum a amintacce don kawai shi ne babba a cikinku. Cire shi daga baya sai an sake taro da sanarwar jarida.

Hajiya Uwar Adashi:
Barista ya faɗi gaskiya, amma akwai inda zan ja hankalinka, ɗana. Ƙungiyar amintattu ba ta raba riba ga 'ya'yanta. In a ranku akwai sayo buhunan albasa tare a raba abin da aka samu, ko ba juna jari, to ƙungiyar gama-kai kuke nufi, ita kuwa rajistarta ta gwamnatin jiha ce, a sakatariyarta da ke Alausa, ba CAC ba.

Ni dai ban yarda a haɗa asusun taimako da na rance ba. Ranar da aka ba mutum ₦150,000 ya yi odar kaya, mota ta lalace a hanya tumatir ya ruɓe, washegari matar wani ta shiga ɗakin haihuwa, me za ku ce masa? Kuma kada kuɗin ya zauna a asusun shugaba ko POS ɗin wani, ko da limami ne. Masu sa hannu uku, biyu su isa a cire, kuma mai riƙe littafi daban da mai riƙe kuɗi. A kowane taro a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da ƙarfi, kowa ya ji.

Mai Tattasai:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, taimakon kawai muke so yanzu. To shugabannin kasuwa fa, ba za su ga kamar kishiya muka yi musu ba?

Tsohon Magatakarda:
Za su gani, in a bakin wani suka ji. Kafin taron farko dattawanku uku su je su gaida shugaban sashenku a kasuwa, na Agege kuma su sanar da fadar Sarkin Hausawa. Ku faɗa musu ƙarara ba za ku karɓi ko sisi a kan kaya ko rumfa ba, kuma kowa zai ci gaba da biyan na kasuwa. Ku sa a kundinku cewa ƙungiya ba ta bin jam'iyya, don da zaɓe ya ƙarato za a zo muku da shinkafa da atamfa ana neman jerin sunayenku. Wa'adin shugaba kuma shekara biyu, a rubuce, tun kafin a san wanda zai hau.