Mu da boko bai yi mana zurfi ba, yaya muke bin karatun yara?

Mai Albasa (Jega): Assalamu alaikum jama'a. Ni a aji shida na tsaya, albasa nake sarowa a Aliero. Yarona yana JSS2, wannan zangon ya zo na 41 a ajinsu. In ya buɗe littafin lissafi, ido kawai nake zuba masa. Ku da kuka taɓa shiga irin wannan, me kuka yi?

Maman Tagwaye (Birnin Kebbi): Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma Turancin ba ji nake ba, amma na san jan biro in na gan shi. Kullum bayan Magariba sai sun ajiye min littattafansu a kan tabarma, in nemi kwanan watan ranar da makin malam. Da haka na kama Hassan. Sati biyu yana fita fes da yunifom, ashe gidan kallon ƙwallo yake sauka, shafukan littafinsa fari fat. Ban taɓa lafiyarsa ba, hannunsa na riƙe har gaban malamin ajinsu, na karɓi lambar wayarsa. Yanzu kuma ina sa shi ya faɗa min darasin ranar da Hausa. In ya fara kame-kame, na san bai gane ba.

Malamin Firamare (Argungu): Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, shekarata 14 ina riƙe da aji, kuma da girbin shinkafa ya kama sai benci ya yi fili. Yaron da aka ja gona sati uku ana tsakiyar koyar da rabawa, wallahi da wuya ya kamo. A bar masa Asabar da Lahadi. Taron PTA kuma ku riƙa zuwa da kanku, ba aiko yayansa ba.

Yaya Babba (Yauri): Baba, ka duba sunansa tun yanzu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Ƙanwata ta ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, amma mun yi sakaci, sunanta na NIN ya saɓa da na WAEC da harafi ɗaya. Mun sha zirga-zirga kafin a gyara.

Mai Albasa (Jega): Allah ya saka da alheri. Na duba daren jiya, rabon da ya rubuta lissafi tun farkon wata. Gobe makaranta zan fara biyawa kafin in kama hanyar Aliero.