Don Allah me za mu kira wannan tseren na kan ƙanƙara da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Ɗan Rediyo: Assalamu alaikum 'yan uwa, agaji nake nema cikin gaggawa. Gobe ƙarfe huɗu na yamma zan naɗi shirin wasanni kuma an ce lallai in yi minti bakwai kan gasar Olamfik ta hunturu da za a buɗe a Italiya ranar 6 ga Fabrairun 2026, a Milan da Cortina. Sauran wasannin na lallaɓa na samu yadda zan faɗe su, ɗaya ne ya tsaya min a wuya, wanda Turawa ke ce wa long track speed skating. Ga wanda bai taɓa gani ba, fili ne na ƙanƙara mai siffar ƙwai, zagaye ɗaya mita 400 kamar filin guje-guje, ana sakin mutum biyu kowa da layinsa, a ƙafarsu takalmi mai dogon ƙarfe siriri a ƙasa, kuma agogo ake dubawa, in kowa ya gama wanda lokacinsa ya fi gajarta shi ya ci. Yana da ɗan uwa short track, shi zagayensa mita 111 ne da ɗan ɗoriya, a saki mutane da yawa tare suna gogar juna. Na rubuta "gudun ƙanƙara" amma raina bai kwanta ba.

'Yar Zazzau: Wa alaikumus salam. Gara da ranka bai kwanta ba Yaya, don gudun ƙanƙara kunnen Bahaushe zai ji shi kamar gudun yaƙi ko gudun abin kunya, wato mutum ya ga ana ruwan ƙanƙara ya ruga ya fake. Sannan ai ba gudu suke ba, ƙafar ba ta barin ƙasa irin na mai gudu, turawa suke gefe da gefe jiki ya tafi sululu. Ni dai tseren zamiya kan ƙanƙara.

Bakatsine: Tseren zamiya ya yi. Ka ƙara da "na dogon zango" ɗayan kuma "na gajeren zango", shikenan ka je ka kwanta.

Ɗan Rediyo: Nan fa matsalar take ɗan uwa, dogon zango zai sa a ɗauka nisan tseren ake nufi, alhali a babban filin ma ana tseren mita 500 wanda bai kai zagaye ɗaya da rabi ba. Wani ɗan Rasha Pavel Kulizhnikov ya gama shi cikin daƙiƙa 33.61 a Salt Lake City a 2019. In na ce wannan tseren dogon zango ne na yi wa mai sauraro ƙarya. Filin ne dogo. Nisan kuwa daga 500 ne, 1000, 1500, 3000, 5000 har 10,000.

'Yar Zazzau: To na babban zagaye da na ƙaramin zagaye kenan.

Malamin Hausa: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta kuma ina roƙon ku da ku dakata da kalmar zamiya. Ku tambayi duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure doki, zamiya ita ce mahayi ya sako doki a guje har gaban sarki sannan ya ja linzami, dokin ya kafa ƙafafun baya ya darje ƙasa ya tsaya. Wato zamiya tsayawa ce. Ta yaya za ku haɗa tsere da tsayawa a suna ɗaya? In kuma daga zamewa kuka ɗauko ta, zamewa tsautsayi ne, tsohuwa ta zame a bakin rijiya. Kalmar da ta dace tana nan tun kaka da kakanni, sukuwa. Sukuwar ƙanƙara. A saki biyu su jera, kowa ya duƙa ya kwantar da ƙirji kamar mahayi a kan wuyan doki, iska na kaɗa su. Na daɗe da ƙirƙiro wannan kuma na koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Rediyo: Allah ya gafarta Malam, wallahi kalmar ta yi daɗi a baki. Tsorona ɗaya, mai shayi da ke jin rediyo a bakin tasha in ya ji sukuwar ƙanƙara zai ɗauka dawaki aka hau a kan ƙanƙara, ni kuma ba hoto gare ni da zan nuna masa ba.

Malamin Hausa: Ɗana, da aka ce jirgin sama mai saukar ungulu wa ya ɗauka ungulu ce a ciki? Da aka ce tauraron ɗan Adam fa? Sau biyu za ka yi bayani kunne ya saba. Haka magabatanku a aikin rediyo suka yi, ba su ji tsoro ba.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari. Ni a Holan nake zaune shekaru da dama, bari in faɗi abin da idona ya gani ko zai taimaka. Maƙwabciyata ta taɓa ja na zuwa Thialf, babban zauren ƙanƙarar da ke garin Heerenveen, wajen nan a wurinsu kamar yadda filin Wembley yake a wurin 'yan ƙwallon Ingila. Zauren cike maƙil kowa da kaya ruwan lemo, masu bushe-bushe da ganguna na ta yi, amma da aka ce a shirya sai wuri ya yi tsit har aka harba bindiga. Abin da ya fi tsaya min a rai ƙarar takalmin ne, ƙwas, ƙwas, ƙwas, duk taku ɗaya. Ashe ƙarfen ba a manne yake da takalmin gaba ɗaya ba, hinji ne ya riƙe shi ta wajen yatsu, in mutum ya tura ƙafa sai diddige ya ɗaga ƙarfen ya ci gaba da zama a kan ƙanƙara, in ya ɗauke ƙafar sai sifirin ya dawo da shi ya bugi diddige. Su suna ce masa klapschaats. A wata jami'a ta Amsterdam aka ƙirƙiro shi, ya bazu wajajen 1997, zuwa gasar Olamfik ta hunturu ta Nagano a Japan a 1998 kusan kowa shi ya saka kuma aka dinga karya tarihin da aka kafa a baya. Ƙarfen kaurinsa wajen milimita ɗaya ne kacal, a kan wannan mutum ke kwanciya a kwana yana gudun da ya wuce kilomita 50 a awa, a dogon tsere hannu goye a baya. Baba Malam ka yi haƙuri, amma abin da na gani ya fi kama da zamiya. A sukuwa akwai dukan ƙasa da ƙura da jijjiga, wannan kuwa taku ɗaya sai ka ga mutum ya tafi mita da yawa jikinsa ko motsi babu kamar an ja shi da zare.

Malamin Hausa: Hajiya na gode da bayani, amma kama da ido daban, ma'anar kalma daban.

'Yar Zazzau: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ni ɗaliba ce a gabanka, amma ko a zamiyar dokin ai abin da ya ba ta sunan shi ne kofato yana darzar ƙasa yana tafiya ba a ɗaga shi ba, tsayawar daga baya take zuwa. Kuma yara in an yi ruwa suna zamiya a kan siminti da gangan suna dariya, ba wanda ya ce tsautsayi ne. Tushen ɗaya ne, zam. In muka sa tsere a gaba ya riga ya kore maganar tsayawa.

Sarkin Yaƙin Arsenal: Ni fa mamaki kuke ba ni. Wasan da babu Bahaushe ko ɗaya da ke yi, ƙasar da ƙanƙara sai a firij ko wajen mai sayar da ruwan sanyi da azumi, shi ake ta wannan dogon Turanci a kai? Ka ce siketin kawai mana, kamar yadda muke cewa tanis da hoki da kurket. Wa ya mutu?

Malamin Hausa: Ga irinta nan. Wannan lalacin ne ya sa yau yaro ba zai iya jimla ɗaya ba sai ya cusa Turanci uku. Waɗanda suka ce ƙwallon kwando da ƙwallon raga da ƙwallon tebur da a ce irin tunaninka gare su da yanzu ba mu da ko ɗaya. Harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Agadas har Kumasi har Sudan a ce ya kasa raɗa wa takalmi da ƙanƙara suna?

Sarkin Yaƙin Arsenal: Malam ai rediyo ma da kake ji ba Hausa ba ce, haka mota, haka makaranta in aka bi ta wajen karatu Larabci ne. Aro ba abin kunya ba ne.

Ɗan Damagaram: Aro ba kunya ba ne amma aron wa? Kullum haka kuke mana ku mutanen Najeriya, ku ɗauko kalmar Ingilishi ku lanƙwasa ku ce ita ce Hausa, mu kuma nan Nijar da muka yi lakwal da Faransanci mu zauna muna zare ido. Mu patinage muka sani. In ka ce siketin tsohona a Zinder bai gane ba, in na ce fatinaj kai ma ba ka gane ba. Tseren zamiya kuwa daga Maraɗi har Zariya kowa ya ji ya fahimta. Kuma rediyonku muna kama shi a nan, ku riƙa tunawa da mu.

Bakatsine: Wannan gaskiya ne, amma kar a mai da shi faɗan Kano da Damagaram don Allah, an yi wannan a tarihi ya wuce.

Ɗan Damagaram: Ba faɗa ba ne, gyara kayanka ne. Duk sanda aka ce daidaitacciyar Hausa sai ka tarar Hausar gari ɗaya ake nufi.

Maman Ilham: Sarkin Yaƙi, kan maganar ba namu ba ne. A 2006 a Turin wani Ba'amurke baƙar fata Shani Davis ya ci zinare a mita 1000, shi ne baƙin mutum na farko da ya ci zinare shi kaɗai a gasar hunturu, ya sake ci a 2010. A 2022 a Beijin Erin Jackson ta ci na mita 500, yarinyar da ta tashi a Florida inda ba a cika yin dusar ƙanƙara ba, da takalmin taya ta fara, irin wanda samari ke yawo da shi a titunan Kano da Kaduna suna kama bayan Keke Napep. 'Yata da ta ga hotonta cewa ta yi Mama wannan kamar Anti. Kuma a 2018 'yan matan Najeriya sun je gasar hunturu a Koriya ta Kudu a wasan keken ƙanƙara, lokacin ma haka aka yi ta lalube ana neman kalma. Gara a tanada tun yanzu.

Ɗan Rediyo: Jama'a don girman Allah dare na yi. Saura abu biyu. Na farko layin, don ina so in ba da labarin Sven Kramer na Holan a Vancouver 2010. A tseren mita 10,000 zagaye 25 ake yi kuma duk zagaye sai an yi musayar layi, na ciki ya koma waje na waje ya dawo ciki don nisan ya zo daidai. Kocinsa ya nuna masa layin da ba shi ba, ya bi, ya gama da lokacin da ya fi na kowa yana murna, sai aka ce an soke shi, zinaren ya tafi wajen Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu. Layin ciki da layin waje sun yi? Na biyu takalmin.

'Yar Zazzau: Sun yi sarai, musayar layi ma ta yi. Takalmin kuma ka ce takalmin zamiya, ƙarfen ka ce ruwan takalmin kamar yadda ake cewa ruwan wuƙa ko ruwan takobi.

Bakatsine: A'a ƙanwata, ruwan takalmi a kan ƙanƙara? Za a ɗauka narkewa ta yi ta jiƙa shi. Wuƙar takalmi dai. Mai hinjin kuma takalmi mai tafi, tunda ƙarar da Hajiya ta kwatanta kamar tafi ce.

Maman Ilham: Ni a kunnena ya fi kama da ƙarar silifas in ana sauri, amma mai tafi ma ba laifi.

Malamin Hausa: Hinji ma ai ba Hausa ba ce, amma na ga an riga an yi rinjaye kuma ba zan hana yaro barci ba. Ka faɗi tseren zamiyarka. Sharaɗina ɗaya, kar in ji siketin a bakinka, kuma in za ka ambaci Ba'amurke Eric Heiden da ya kwashe zinare biyar a gasar hunturu ta Lake Placid a 1980, tun daga mita 500 har 10,000, ko 'yar Holan Ireen Wüst mai lambobin Olamfik 13, ka kira su gwanaye ko zakaru, kar ka ce min sitas. Sukuwar ƙanƙara kuwa ina nan a kanta, a ajina ita za a ci gaba da rubutawa.

Ɗan Rediyo: Na gode Allah ya gafarta Malam, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na rubuta a takarda: "tseren zamiya kan ƙanƙara na babban zagaye", sau ɗaya a farko tare da bayanin fili da takalmi, daga nan sai in riƙa cewa tseren zamiya kawai, masu yi kuma 'yan tseren zamiya. Zan buɗe da cewa a gasar hunturu ta Sochi a Rasha a 2014 Holan ita kaɗai ta kwashe lambobi 23 cikin 36 na wannan wasan. Kuma zan ce wasu malamai na kiransa sukuwar ƙanƙara, in masu sauraro sun kira waya sun fi son ta zan dawo in faɗa.

Ɗan Damagaram: Madalla. Ƙarfe nawa za a saka shirin? Zan kunna wa tsoho in ji ko ya gane.

'Yar Zazzau: Yaya kafin ka tafi, wuƙar takalmin nan fa ban yarda da ita ba har yanzu, wuƙa yanka take, wannan kuwa hawa ake yi. In akwai maƙeri a nan don Allah ya faɗa mana yadda suke kiran irin wannan ƙarfen.